Besbol Ma Wasan Yara Ne: Martani Ga Masu Raina Langa

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin wasu malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin al'adu na jahar Maraɗi a duk lokacin da aka kawo shawarar shigar da langa cikin darasin motsa jiki, ko shirya mata gasa tsakanin makarantu. Sai ka ji an ce ai langa wasan yara ce, ba ta da doka, ba ta da alƙali, kowane gari da irin tasa. Wasan kirki shi ne wanda ya zo da littafinsa da usur ɗinsa da awon filinsa. A ɗaya gefen kuma akwai masu kiran kansu masoya al'ada, waɗanda ke cewa a bar langa yadda kakanni suka bar ta, wai ranar da alƙalami ya taɓa ta ranar ce za ta mutu. Rukunonin nan biyu suna zaton hamayya suke yi da juna, alhali kuwa abu ɗaya suke yi: kowa ya naɗe hannu, langa tana janyewa daga dandalin Gangara da Gazawa da Agye da Gidan Rumji, yaran da ya kamata su gaje ta kuma sun taru a rumfar mai cajin waya suna kallon ƙwallon Turai.

Amsar da zan ba su duka zan ɗauko ta daga nesa, daga tarihin wani wasa da mafi yawanmu ba mu taɓa riƙe gorarsa ba, wato besbol, wanda Amurkawa ke kira wasan ƙasarsu, miliyoyin mutane kuma ke binsa a Japan da Koriya ta Kudu da Kuba da Benezuwela. Dalilin zaɓensa shi ne an binciki asalinsa ƙwarai, takardunsa na farko suna nan a ajiye, kuma a cikinsu ana ganin yadda wasan yaran ƙauye ke zama wasan ƙasa, da irin ɓarnar da akan yi a hanya.

Ga yadda ake yin sa a taƙaice. Ƙungiyoyi biyu ne, kowace da mutum 9. Ɗaya ta bazu a fili tana tsaro, ɗaya tana bugu, mutum bayan mutum. Filin yana da zango 4 a kusurwoyin murabba'i, tsakanin zango da zango ƙafa 90, wato kimanin mita 27, kuma wanda ake tashi daga cikinsa shi ake kira gida. Mai jifa ya jefo ƙwallo, mai gora ya doke ta ya sheƙa zuwa zango na farko. Duk wanda ya bi zangunan nan uku ya komo gida lafiya ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Ana fitar da mai bugu idan ya kuskure sau 3, ko aka cafe ƙwallon da ya buga tun ba ta taɓa ƙasa ba, ko ta riga shi isa zango. In an fitar da mutum 3 sai a yi musanya, masu tsaro su koma bugu, haka har zagaye 9. Duk ɗan Gangara da ya taɓa zama ruwa a langa, abokan karawa na neman kayar da shi, nasa na kare shi har ya kai wurin sha, ba zai ji wannan wasa baƙo a zuciyarsa ba.

Kafin littafi

Masu cewa wasan kirki da littafinsa yake zuwa, su saurara. Sunan besbol ya fara fitowa a buge ne a Ingila, cikin wani ɗan littafin yara da John Newbery ya wallafa a 1744, da zanen samari suna wasa kusa da turaku. A 1791 hukumar garin Pittsfield da ke jahar Massachusetts ta kafa doka ta hana buga besbol da wasu wasannin ƙwallo a tazarar yadi 80 daga sabon ɗakin taron garin, don gudun kada a fasa gilasan tagogi. Wannan tana cikin tsofaffin takardun da suka ambaci wasan da sunansa a Amurka, kuma takardar kora ce, irin korar da dattijo ke yi wa yara in sun dame shi da langa a ƙofar gida. A lokacin kowane gari da irin nasa: yawan zango ya bambanta, yawan ƴan wasa ya bambanta, har suna ma ya bambanta. Ke nan duk aibin da ake jingina wa langa yau, besbol ya ɗauke shi fiye da shekara ɗari.

Wanda ya fara buga dokokinsa a littafi kuwa malamin makaranta ne, Bajamushe, Johann GutsMuths, mai koyar da motsa jiki a makarantar Schnepfenthal. A 1796 ya fitar da littafi a kan wasannin matasa, ya sa bayanin besbol na Ingilishi a ciki. Bai ce wannan wasan yara ne, ya fi ƙarfin alƙalaminsa ba. Ya ga yara ne aikinsa, saboda haka wasansu ma aikinsa ne.

Masu alƙalami

A watan Satumba na 1845 wata ƙungiya a birnin New York mai suna Knickerbocker, ta ƴan kasuwa da akawuna da lauyoyi masu neman motsa jiki bayan tashi daga aiki, ta rubuta wa kanta dokoki 20. Wani lauya, William Wheaton, da abokinsa William Tucker aka ɗora wa tsara su. Wasu dokokin a kan ladabi ne kawai, kamar zuwa a kan lokaci da yadda za a raba ƴan wasa. Amma akwai guda da ta canza wasan baki ɗaya: an hana jifan mai gudu da ƙwallo. Kafin nan, a wurare da yawa, hanyar fitar da mutum ita ce a nana masa ƙwallo a jiki yana cikin gudu. Da aka hana wannan sai ya yiwu a yi amfani da ƙwallo mai tauri wadda ke tafiya nesa, wasan kuma ya dace da manya. Ranar 19 ga Yuni 1846, a Hoboken, ƙungiyar ta kara da wata ƙungiyar New York a kan waɗannan dokoki, aka lallasa ta 23 da 1. Rubuta doka bai sa sun fi kowa iya wasa ba, amma yau sunansu ake tunawa.

A 1857 ƙungiyoyi 16 suka yi taro ƙarƙashin jagorancin wani likita, Daniel Adams, suka tsayar da zagaye 9 a maimakon tsohuwar ƙa'idar wanda ya riga kai maki 21, suka tsayar da mutum 9 a kowane gefe da ƙafa 90 tsakanin zanguna. Takardun da aka rubuta daftarin wannan taro a kansu an sayar da su a gwanjo a 2016 a kan kuɗi sama da dala miliyan 3. Gardama kuwa ba ta ƙare a nan ba. A da, in ƙwallo ta yi tsalle ɗaya a ƙasa aka cafe ta, mai bugu ya fita. Shekara da shekaru ana ja-in-ja a kan wannan kafin a soke shi a ƙarshen 1864. Jifa ta saman kafaɗa sai a 1884 aka halatta ta. Yawan munanan jifa da ke ba mai bugu damar wucewa zango na farko kyauta ya taɓa kai 9, aka yi ta sauya shi har ya tsaya a 4 a 1889. Tazarar mai jifa, mita 18 da ɗoriya, a 1893 aka tsayar da ita. Ko a 2023 an ƙara wa manyan gasanni agogon da ke ƙayyade wa mai jifa lokaci. Ina masu cewa rubutu yana daskarar da wasa? Ga wasa an rubuta shi tun 1845, har yau ana gyara.

Sai kuma ɗan jarida, Henry Chadwick, haifaffen Exeter a Ingila a 1824. Shi ya inganta jadawalin da ke nuna abin da kowane ɗan wasa ya yi a kowace karawa, yana buga shi a jarida tun 1859, daga 1860 kuma yana shirya littafin dokoki na shekara-shekara. A 1869 ƙungiyar Cincinnati ta fito fili tana biyan dukan ƴan wasanta albashi, ta gama shekarar ba a ci ta ko sau ɗaya ba. A 1876 aka kafa babbar gasar ƙasa wadda ke nan har yau. Can Japan ma malamin makaranta ne, Horace Wilson, ya koya wa ɗalibansa wasan a Tokyo a 1872. Japanawa suka raɗa masa suna da harshensu, yakyu, suka kafa gasar makarantun sakandare a 1915, wadda har yanzu ƙasar ke tsayawa cik don kallonta. Lauya da likita da ɗan jarida da malamin aji: irin mutanen da ke cike a ƙungiyoyinmu na al'adu ke nan.

Hasarar da aka yi a hanya

Masoya al'ada suna da gaskiya a wuri ɗaya, kuma tarihin besbol ya ba su hujja. A arewa maso gabashin Amurka akwai wani salon wasan da ake kira na Massachusetts, wanda ƙungiyoyinsa suka rubuta dokokinsu a garin Dedham a 1858. A nasu salon sai an kai maki 100 ake cin wasa, fitar da mutum ɗaya ya isa a yi musanya, kuma ana jifan mai gudu. Bayan yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, salon New York, mai jaridu da littattafai da kuɗi a bayansa, ya mamaye ƙasa, na Massachusetts ya shuɗe. Doka ɗaya takan haɗiye ƴan'uwanta, wannan ba ƙarya ba ne.

To amma a dubi abin da kyau. Yau muna iya faɗin yadda ake wasan Massachusetts, har masu sha'awar tarihi kan taru su buga shi, saboda mutanen Dedham sun rubuta. Sauran salon da aka yi a ƙauyuka barkatai, waɗanda ba wanda ya ɗauki alƙalami dominsu, sun tafi ko suna ba su bari ba. Rashin rubutu bai kare su ba. Wanda ke cewa a bar langa a baki don kada ta mutu, ya zaɓa mata mutuwar da ba kabari.

Ƙaryar asali

A 1903 Chadwick ya rubuta cewa besbol ya samo asali daga wani wasan yaran Ingila da ya buga yana ƙarami. Wannan magana ta ɓata wa Albert Spalding rai. Spalding tsohon gwanin jifa ne da ya zama attajirin sayar da kayan wasanni, kuma ba ya son a ce wasan ƙasar Amurka jikan wasan Ingila ne. A 1905 ya sa aka kafa kwamiti ƙarƙashin Abraham Mills don gano asalin wasan. A ƙarshen 1907 kwamitin ya yanke cewa Abner Doubleday, janar ɗin yaƙin basasa, shi ya ƙago besbol a garin Cooperstown a 1839. Hujjarsu wasiƙun wani tsoho ne, Abner Graves, wanda a 1839 shekararsa 5 da haihuwa. Doubleday kuwa a waccan shekara yana makarantar soja ta West Point. Ya rasu tun 1893, ya bar wasiƙu da rubuce-rubuce masu yawa, babu inda ya ce shi ya ƙago wani wasa.

Hausawa sun ce ƙarya fure take ba ta ƴaƴa, amma wannan ta yi ƴaƴa har ta gina gida. A 1939 aka buɗe gidan tarihin besbol a Cooperstown don bikin cikar wasan shekara 100 da ƙagowar da ba a yi ba. A shekarar ce kuma wani ma'aikacin ɗakin karatu na New York, Robert Henderson, ya fito da tsofaffin littattafan da suka rushe labarin. Daga baya, a 2005, David Block ya nuna cewa Chadwick ma bai cika daidai ba, domin sunan besbol ya girmi sunan wasan da ya ce shi ne uba. Duk da haka filin wasan Cooperstown sunan Doubleday yake ɗauke da shi har yau, dubban mutane kuma na kai ziyara kowace shekara.

Akwai misalin da ya fi kusa da mu. A 1937, lokacin da Italiya ke mulkin Libiya, wani masanin ƙidaya da ya yi wa gwamnatin Mussolini aiki, Corrado Gini, ya tarar da mutanen ƙauyen Jadum a duwatsun Nafusa, Amazigawa, ƴan'uwan Abzinawanmu ta wajen harshe, suna wani wasa na gora da ƙwallo da zanguna mai kama da besbol. Ya rubuta shi a 1939, ya kuma yanke cewa wasu fararen mutane masu jan gashi daga arewa ne suka kawo musu shi dubban shekaru da suka wuce. Mutanen Jadum suna da wasan, Gini yana da alƙalami, saboda haka maganarsa ce ta shiga littattafai. Wanda bai rubuta asalin abinsa ba, wani zai rubuta masa, kuma da wuya ya bar masa mallaka.

Sunayen da aka goge

Ɓarna mafi muni ita ce wadda aka yi wa ƴan wasa. A 1867 ƙungiyar Pythian ta baƙaƙen fata a Philadelphia, wadda wani malamin makaranta, Octavius Catto, ke cikin jagororinta, ta nemi shiga tarayyar ƙungiyoyin jaharsu, aka rufe mata ƙofa. A watan Disamba na shekarar tarayyar ƙasa ta yanke cewa ba za ta karɓi ƙungiyar da ke da baƙar fata ko mutum ɗaya ba. Catto kansa an harbe shi ranar zaɓe a 1871. Duk da haka wasu sun kutsa. Bud Fowler, wanda ya tashi a Cooperstown ɗin nan da aka laƙaba wa ƙaryar asali, ya fara wasan kuɗi a 1878. Moses Fleetwood Walker ya buga wa Toledo wasa 42 a babbar gasa a 1884. A 1887 wata gasa ta kaɗa ƙuri'ar daina ɗaukar sababbin ƴan wasa baƙaƙe, sauran suka bi ba tare da sun rubuta ba, ƙofa ta rufe har ranar 15 ga Afrilu 1947 da Jackie Robinson ya shiga fili da rigar Brooklyn.

A tsakanin nan baƙaƙen Amurka ba su zauna kuka ba. Rube Foster ya kafa musu gasarsu a 1920, jaridunsu irin su Chicago Defender da Pittsburgh Courier suka riƙa buga jadawalin wasanninsu. Waɗannan tsofaffin jaridu ne masu bincike suka bi ɗaya bayan ɗaya, har hukumar manyan gasanni ta amince a 2020 cewa gasannin baƙaƙe na 1920 zuwa 1948 manyan gasanni ne, a 2024 kuma ta haɗa lissafinsu da na kowa. Nan take Josh Gibson, wanda ya rasu a Janairun 1947, wata uku kafin a buɗe ƙofa, ya zama na ɗaya a tarihi wajen dacewar bugu, da nasara 372 cikin kowane 1,000, ya ture Ty Cobb daga kujerar da ya daɗe a kai. Shekara 77 bayan rasuwarsa takarda ta ƙwato masa haƙƙinsa. Abin da ya yi a wasannin da ba wanda ya rubuta kuwa, komai yawan masu ba da labarinsa, bai shiga lissafi ba.

Mu dawo gida

Ba sai mun je Amurka ba kafin mu ga wannan hanya, domin mun bi ta da ƙafarmu. Kafin 1975 kokawa a ƙasar nan al'amarin kaka ce, gari ya gayyaci gari bayan an kai gero rumbu, dattawa su raba gardama bisa al'ada. A 1975 aka yi gasar ƙasa ta farko a Tawa, Yakuba Ango Kantu na jahar Maraɗi ya zama sarki na farko, filin kokawar Maraɗi kuma sunansa yake ɗauke da shi. Yau jahohi 8 kowace na kawo ƴan kokawa 10, akwai alƙalai da agogo da rubutacciyar doka, kuma in ana neman takobi ƙasa duka kunnenta na kan rediyo. Wa zai tashi ya ce alƙalami ya kashe kokawa? Wa kuma zai ce ita ba wasan kirki ba ce don ta fito daga dandali?

Sai dai mu ma mun yi irin tamu hasarar. Jerin sarakunan kokawa daga 1975 ya fara, kamar kafin nan ba a taɓa kayar da kowa ba. Ƙartin da suka yi suna a kasuwannin Gangara da Gazawa da Tasawa a zamanin kakanninmu, sunayensu sai a bakin makaɗa da tsofaffi, kuma kowace shekara masu riƙe da su raguwa suke yi.

Langa kuwa tana kan mararraba. A ƙetaren iyaka, ƴan'uwanmu na Najeriya sun shigar da ita cikin bikin wasannin ƙasarsu tare da dambe da kokawa, da rubutattun dokoki da rukunonin gasa. Sun kyauta, Allah ya saka musu. Amma Gangara dab da iyaka take, kuma darasin Massachusetts a fili yake: salon da aka buga a takarda shi ke zama na asali, sauran su koma kuskure. Ranar da aka tashi shirya gasar langa a nan, littafin da ke akwai shi za a ɗauko, yaron Gangara kuma ya ji alƙali na gaya masa cewa yadda kakansa ya koya masa ba daidai ba ne. Dambe ya riga ya shiga wannan hali, inda kamfanoni ke ɗaukarsa a bidiyo suna tsara masa turmi da ajin nauyi daidai da son masu kallo a intanet. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Aikin da ke gabanmu

Abin da nake kira gare shi ba ya bukatar kasafin minista ko tallafin wata ƙungiyar waje. Kowace makaranta ta ware kaye guda. Malamin babban aji ya tura ɗalibansa wurin tsofaffin unguwa su tambayo: wace ƙafa ake riƙewa, da wane hannu? Yaya ake zaɓen ruwa? Taku nawa ne zuwa wurin sha? Me ake ƙirgawa faɗuwa? An yarda a sauya ƙafa? Wane irin turi ne haramun? Me ake faɗa in an sha? A rubuta amsa da Hausa, da kalmomin da tsohon ya faɗa, a sa sunansa da garinsu da shekarar da aka yi hirar. Inda tsofaffi biyu suka saɓa, a rubuta duka biyun. A yi wa wasannin ƴan mata haka, carafke da ƴar gala-gala da na gaɗa, a yi wa darar dattawa haka, a kuma tambayo sunayen tsofaffin ƴan kokawa tun masu tuna su na da rai.

Bayan nan ƙungiyoyin al'adu su kira taro a matakin gunduma, malamai da tsofaffin gwanaye da masu gari, a yi gardama irin ta 1857, a fitar da dokar gasa mai kwanan wata, wadda za a iya gyarawa baɗi. A buga ta tare da salon kowane gari a gefenta, a rubuta ƙarara cewa wannan dokar gasa ce kawai, ba ta soke langar kowa ba. Masu tsoron karaya da targaɗe su tuna cewa doka ce ta hana jifan mai gudu a besbol, ita ce kuma za ta hana turin mugunta a langa, ta raba yara bisa shekaru, ta zaɓi fili mai rairayi.

Sharuɗɗa biyu ne ba za a sassauta ba. Na farko, kada a ƙago mata uba. Gobe wani zai miƙe a taron biki ya ce Bayajida ne ya zo da langa, ko mayaƙan Ɗan Baskore ne suka ƙirƙiro ta don horon yaƙi, a tafa masa, jibi ta shiga littafin aji. Abin da aka ji a rubuta an ce, a faɗi wanda ya ce. Wasan da al'umma ta gina hannu da hannu ya fi daraja a bar shi da sunan al'umma. Na biyu, kada a rufe wa kowa ƙofa, kuma a rubuta sunan duk wanda ya shiga fili. Almajirin tsangaya, da yaron da bai taɓa shiga lakwal ba, da ɗan Fulanin ruga, da ɗan Buzu, sau da yawa su ne langa ta fi zama a ƙafarsu. Gasar da ta tsaya ga masu rigar makaranta kaɗai ta maimaita hukuncin 1867 da wani launi.

Kwafin waɗannan kaye a ajiye ɗaya a ofishin magajin gari, ɗaya wurin sufeton makarantu, a aika wasu Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da cibiyar CELHTO ta Yamai, wadda aikinta ke nan, tattara tarihin baka. Gidajen rediyon karkara su karanta sakamakon gasa da sunayen yara. Tun 1973 da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a Damagaram malamai ke kukan ƙarancin abin karantawa da Hausa, ga shi kuma kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Wane littafin karatu ne zai fi jan yaro irin wanda ke bayanin wasansa, da sunan kakansa a ƙasan shafi?

Mai ganin duk wannan mafarki ne ya dubi kabaddi, wasan ƙauyukan Indiya na kamawa da tserewa, wanda kamar langa ba ya bukatar ƙwallo ko raga ko takalmi. An rubuta masa doka, ya shiga makarantu, ya shiga gasar ƙasashen Asiya a 1990, ya sami gasar ƙwararru ta talabijin a 2014. Ba na yi wa kowa alkawarin langa za ta kai can. Abin da tarihin besbol ya tabbatar shi ne wasa ba ya faɗowa daga sama da littafi a hannu. Mutane ne ke zama su rubuta, kuma abin da suka ƙi rubutawa ko suka rubuta bisa ƙarya jikokinsu ne ke biyan bashinsa.

Malamai da shugabannin ƙungiyoyi, kaka na zuwa, farin wata zai fito, yara za su fita dandali ko da kaɗan ne suka rage. Tsofaffin da suka san dokokin suna zaune a gindin bishiya ba wanda ya tambaye su. Kuɗin kaye da biro bai kai na katin waya ba. Wanda ya raina langa da wanda ya ce yana ƙaunarta, kowa ya kawo shafinsa a gani. Allah ya ba mu ikon yi tun masu sani na nan.